Daga Wa Ka Ji? Kwana Biyu Da 'Yan Jagora A Tsohon Birnin Madrid



Ya 'yan'uwa masu karanta wannan fili, yau labarin tafiya na zo muku da shi. Amma a cikinsa akwai wani bashi da ke wuyana, wanda tun da a bainar jama'a na ci shi, ya kamata a bainar jama'a in biya.

A cikin watan Afrilu na 2024, bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki, Allah Ya nufe ni da zuwa ƙasar Sifaniya domin duba waɗansu littattafan Larabci na rubutun hannu da ke ajiye a Eskoriyal, kimanin kilomita 45 daga Madrid, babban birnin ƙasar. Na sauka wurin ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a can. Da na gama abin da ya kai ni sai aka sami rarar kwana uku kafin ranar jirgi. Yaron ya ce mini, "Kawu, ai ba ka koma gida ba ka ga tsohon gari ba, shi kuwa tsohon garin nan da ƙafa ake ganinsa."

Wanda duk ya yi karatun zaure a ƙasarmu ya sha ruwan Andalus, ko ya sani ko bai sani ba. Muwaɗɗa da muke karantawa ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba wanda ya rasu a 848. Mai Alfiyya, Ibn Malik, a Jayyan aka haife shi. Ishiriniya da ake rerawa a masallatanmu ta Alfazazi ce, ba'andaluse, Tuhfa kuwa da alƙalanmu na dā suka dogara a kanta ta Ibn Asim ce, alƙalin Garnaɗa. Saboda haka sunayen Ƙurɗuba da Garnaɗa da Ishbiliya tun ina yaro suke kunnena. Amma Madrid, a bakin yaran unguwa masu kallon ƙwallo na fi jin ta. Iyakar abin da na riƙe game da ita shi ne Larabawa suna kiranta Majriɗ, kuma an yi wani malamin lissafi da falaki ana ce masa Maslama Almajriɗi.

Bari in fara da bayyana yadda sana'ar jagoran take, don ba a san ta sosai a wurinmu ba. Mutum zai rubuta sunansa ta waya, a gaya masa dandalin da za a haɗu da kuma launin laimar da jagora zai ɗaga. In an taru sai a bi shi a ƙafa, yana tafe yana tsayawa yana ba da labari, wajen sa'a biyu da rabi. Waɗansu akan yanka musu kuɗi tun farko. Waɗansu kuwa suna cewa kyauta ne, sai an gama kowa ya ba da tukuicin da ya ga dama. Ɗan ƙanwata ya gaya mini cewa irin waɗannan na biyu yawanci sai jagora ya biya kamfanin da ya tara masa mutane wani abu a kan kowane kai, ko an ba shi tukuici ko ba a ba shi ba. To, ka ga ke nan abincinsa yana rataye ga jin daɗin masu saurarensa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ran farko irin na kyautar muka bi. Mu ashirin da biyu ne, jagoranmu wani saurayi ne mai fara'a, da jar laima, yana magana da Turancin Ingilishi, inda ya kuɓuce mini yaron ya cike mini. Mun tashi daga dandalin da suke kira Ƙofar Rana, ko da yake yanzu babu ƙofa a wurin. Ya nuna mana wani ɗan allo a ƙasa wanda daga kansa ake fara ƙidayar nisan manyan hanyoyin ƙasar, da agogon da jama'a ke taruwa a gabansa daren sabuwar shekararsu, kowa ya ci 'ya'yan inabi goma sha biyu, ɗaya a kan kowane bugu. Ya nuna mana kuma tambarin gari, dabbar nan da Larabawa ke kira dubbu ta ɗafe wata itaciya. Gaskiya yaron ya iya bakinsa. Ya san inda zai sassauta murya, ya san inda zai saki abin dariya, ba ka jin gajiyar ƙafa.

Daga nan sai Babban Dandali, wanda aka gama gininsa a 1619, fili ne mai kusurwa huɗu, benaye sun kewaye shi, kowace taga da barandarta. A nan ne a dā ake wasan bijimai irin mai kama da hawan ƙaho, a nan ake zartar da hukuncin kisa, a nan kuma kotun binciken aƙida ta majami'a takan yi zamanta na bainar jama'a, wanda ya fi shahara shi ne na 1680 a gaban sarki. Duk ya faɗa. A tsakiyar filin akwai mutum-mutumin Sarki Filib na Uku a kan doki, na tagulla. Jagora ya tsaya a gindinsa ya ba mu labarin yadda ƙananan tsuntsaye suka riƙa shiga ta bakin dokin suna kasa fita, har sai da aka fasa shi a 1931 aka tarar da ƙasusuwansu a ciki. Jama'a suka yi ta mamaki, ana ɗaukar hoto. Ni kuwa ina tsaye ina jira ya faɗi abin da na san mai dokin da shi, watau shi ne ya sa hannu a 1609 aka kori zuriyar Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci, mutum wajen 300,000, aka yi ta kwasarsu har 1614, mafi yawansu zuwa Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Har muka bar wurin bai ambata ba. Tsuntsayen sun sami minti biyar.

Muka gangara ta wani gidan abinci da ake cewa tun 1725 yake aiki, wanda ya yi suna wajen gasa 'yan aladu, muka ratsa gefen wata kasuwa inda cinyoyin alade ke rataye reras. Ban ce komai ba, garinsu ne, abincinsu ne. Sai dai na tuna cewa a zamanin waccan kotu ƙin cin wannan nama kaɗai yakan sa maƙwabci ya kai ƙarar maƙwabcinsa.

Da muka iso bakin tudun da fada da babbar majami'a suke a kai, sai ya nuna wajen gangare da laimarsa ya ce Larabawa sun taɓa yin wani ɗan sansani a can. Ya bi da labaru biyu. Na ɗaya, wai da Sarki Alfonso na Shida ya zo cin garin, wani soja ya hau ganuwa da wuƙa kaɗai yana cusa ta tsakanin duwatsu, yana hawa kamar kyanwa, shi ya sa har gobe ake yi wa 'yan asalin Madrid laƙabi da kyanwoyi. Na biyu, wai sa'ad da Musulmi suka shigo ƙasar a farkon ƙarni na 8, Kiristocin wurin suka ɓoye siffar Nana Maryamu a cikin ganuwa tare da kyandir biyu, da aka ci garin a 1085 sai ganuwar ta tsage aka gan ta, kyandiran suna nan suna ci.

Ban zo in taɓa abin da wasu ke girmamawa ba. Amma mai karatun hadisi yana da wata cuta, ba ya jin labari bai nemi isnadinsa ba. Da aka tashi na ja shi gefe na ce, "Samari, labarin kyanwar nan daga wa ka ji shi? A wane littafi yake?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, almara ce. Mutane hutu suka zo, almara suke so. In na tsaya jera shekaru, rabinsu za su sulale kafin mu kai fada." Raina ya ɓaci. Na ga kowa yana miƙa Yuro goma, ni na ba shi biyar, na tafi ina faɗa a zuci cewa ga yadda ake binne tarihin mutane da raha.

Da la'asar muka shiga fada. Nan tsarin daban ne, sai da tikiti da lokacin shiga, jagoran kuwa mai takardar izini ne, kowa aka ba shi 'yar na'ura ya saƙala a kunne don kada a ɗaga murya. Ya bayyana mana cewa tsohuwar fadar da ke wurin gobara ta cinye ta a daren 24 ga Disamba 1734, wutar ta yi kwana huɗu tana ci. Sarki Filib na Biyar ya sa a gina sabuwa da dutse da ƙonannen tubali don gudun maimaici, aka ɗora harsashi a 1738, magina daga Italiya, amma bai rayu ya shige ta ba, sai ɗansa Karlos na Uku ne ya fara zama cikinta a 1764. Ɗaki 3,418 gare ta, kaɗan daga ciki ake nuna wa baƙi. Mun hau wata matakala ta dutse mai faɗin da mutum goma sa jeru, mun ga ɗakin karaga da jan kilishi a bango da zakoki na tagulla, mun ga wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da rufinsa da tangaran, da agogo iri iri, da gogen Turawa na wani gwani Sitradibari waɗanda kuɗinsu ya wuce hankali, da ɗakin sulke da kwalkwali har na dawaki da na 'ya'yan sarki ƙanana. Sarki na ƙarshe da ya zauna a ciki shi ne Alfonso na 13, wanda ya bar ƙasar a 1931. Sarautar ta dawo daga baya, amma gidan sarautar sun zaɓi wani ƙaramin gida a bayan gari, fadar sai ranar buki ko karɓar manyan baƙi.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, duk sa'ad da jagoran zai ambaci tsohuwar fadar da ta ƙone sai ya ce Alkasar, in zai ambaci majami'ar da ke fuskantarta sai ya ce Almudena. Kunnena kuwa Larabci yake ji: alƙasru, watau fada, da almudaina, tasgirin madina, watau ɗan ƙaramin birni. Na biyu, gumakan sarakuna da aka jera a jikin ginin da dandalin gabansa. Akwai sarakunan Rum waɗanda asalinsu 'yan ƙasar ne, akwai na Gotawa da suka yi mulki kafin zuwan Musulunci, akwai na Kirista bi da bi, kai har da Moktezuma na Meziko da Atawalfa na Feru, waɗanda Sifaniyawa suka rushe daulolinsu. Na duba iyakar dubawata ban ga ko ɗaya daga sarakunan Banu Umayya ba. Kada a fahimce ni a karkace, ba gunki nake nema wa Musulmi ba, Allah Ya kiyaye. Sai dai wanda ya tsara jerin nan salsalar masu ƙasa ya rubuta da dutse, ya kuma tsallake wanda ya kafa garin.

Na kwana da wannan. Da yaron ya ga haka sai ya nemo mana wani zagayen na dabam, wanda aka keɓe shi ga tarihin Musulunci a garin, na biya ne, mu bakwai kacal. Jagorar mace ce mai kimanin shekara arba'in, ba Musulma ba ce, amma ta karanta Larabci a jami'a ta kuma zauna a ƙasashen Larabawa. Da ta ji inda na fito da abin da ya kawo ni, sai ta riƙa yi wa jama'a bayani da harshensu, sa'an nan ta juyo ta maimaita mini da Larabci mai kyau, tana ce mini Ustazu.

Ta fara da gangaren nan da saurayin ya nuna da laima. Ashe taku kaɗan ne daga inda muka tsaya jiya. A bayan majami'ar, a ƙasa, akwai wani lambu da aka sa wa sunan Sarki Muhammadu na Ɗaya, a cikinsa ga ganuwa nan tsaye, tsawon abin da ya fito fili wajen mita 120, ƙasanta dutsen ƙanƙara irin wanda ake ƙyasta wuta da shi, samanta farin dutse, da gindin hasumiyoyi masu kusurwa huɗu. Ta ce Muhammadu ɗan Abdurrahman, Sarkin Ƙurɗuba daga 852 zuwa 886, shi ya gina wurin, kuma mai tarihi Ibn Hayyan ne ya kawo wannan. Ribaɗi ne, irin yadda muka san ribaɗi, cikinsa bai fi eka goma ba. An ɗora shi a kan tudu bisa kogin Manzanares don ya tsare hanyoyin da ke saukowa daga duwatsun arewa. Amma ta ƙara da abin da ban so ji ba, cewa ba don Kiristocin arewa kaɗai aka gina shi ba, har da sa ido a kan mutanen Ɗulaiɗila, watau Toledo, waɗanda ke ƙarƙashin Ƙurɗuba amma ba su daina yi mata tawaye ba. Na sa hannu na taɓa dutsen. Ganuwar ta yi ƙarnuka a ɓoye cikin gidajen mutane, sai a farkon shekarun 1950 aka gano ta, aka sa mata dokar kariya a 1954, duk da haka daga baya aka ɗora wani dogon bene a kan wani sashenta. Wani sashen kuma yana cikin sabon gidan ajiye kayan sarauta da aka buɗe a gefen fada a 2023.

Game da labarun jiya, a taƙaice ta gama da su. Ta ce abin da masu tarihi suka rinjayar shi ne Majriɗ ta faɗa hannun Alfonso ne tare da Ɗulaiɗila wajen 1085, da yarjejeniyar miƙa wuya, don haka babu buƙatar wani ya hau bango. Siffar da aka ce an ɓoye kuwa, ganuwar da ake magana ba a gina ta ba sai bayan shigowar Musulmi da shekara wajen ɗari da hamsin. Na ji daɗi, har na dubi ɗan ƙanwata na gyaɗa kai.

Ta shigar da mu wani wurin ajiye motoci a ƙarƙashin dandalin gaban fada, inda gindin wata hasumiyar tsaro ta ƙarni na 11 ke tsaye a bayan gilashi, motoci na wucewa ta gefenta. Ta kai mu kusurwar da aka fi zaton babban masallacin garin yake, wanda aka mayar majami'a, ita ma aka rushe ta a 1868 don faɗaɗa titi. Kan sunan garin ta kawo ƙauli biyu: masu cewa daga majra ne na Larabci, watau magudanar ruwa, da masu cewa daga wata kalmar Latin ce mai nufin uwar rafi, Larabawa suka lanƙwasa ta. Ba ta yanke ba. Haka kuma hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da suka shayar da garin har tsakiyar ƙarni na 19, waɗanda na sha jin ana cewa duk aikin Musulmi ne, ta ce an dai sami guntun ɗaya na zamaninsu, amma mafi yawan waɗanda aka sani a ƙarni na 17 aka haƙa su. Na lura da ita, duk abin da za ta faɗa sai ta rarrabe, wannan an tono an gani, wannan wane ya rubuta, wannan zato ne. Sai ta tuna mini da abin da aka ruwaito game da Imamu Malik, cewa ya sha sallamar mai tambaya da ya zo daga nesa ba tare da amsa ba, don gudun faɗin abin da bai tabbatar ba.

Muka ƙetare kwarin zuwa unguwar da har yau ake kira Moreriya, watau unguwar Musulmi, lunguna ne ƙanana masu hawa da sauka. A nan na koyi abin da ban taɓa lissafawa ba. Mulkin Musulmi a garin bai fi shekara ɗari biyu da 'yan kai ba, amma zamansu a matsayin talakawan sarakunan Kirista ya haura shekara ɗari huɗu, daga 1085 har 1502 da aka ba su zaɓi tsakanin barin addini da barin ƙasa. Maƙera ne da magina, har majalisar gari takan naɗa shugabannin magina daga cikinsu, ana kiransu alarife, daga al'arif. A 2006 masu tono suka sami kaburbura a Titin Toledo, mamatan kwance a kan gefen dama suna fuskantar alƙibla. Muka tsaya a bakin titin, ga mutane zaune a waje suna shan gahawa, na yi musu addu'a a ɓoye.

To, a kan hanyar komowa ne abin ya juyo kaina. Muka iso wata tsohuwar majami'a ta Nikolas, mai hasumiyar tubali da bakuna irin na kofaton doki. Ban jira ba na ce, "Malama, wannan ai hasumiyar masallaci ce." Ta ce an taɓa faɗin haka, amma abin da aka fi tsayawa a kai shi ne ginin ƙarni na 12 ne, bayan cin garin, an yi shi a kan salon magina Musulmi. Na haɗiye. Sai ta kawo zancen Maslama Almajriɗi, wanda ya yi zamansa a Ƙurɗuba ya rasu wajen 1007, shi ne ya gyara jadawalin taurari na Alkhawarizmi ya daidaita shi da Ƙurɗuba da shekarun Hijira. Ni kuma don in nuna ban zo hannu rabbana ba, na ce, "Da 'yarsa Faɗimatu, wadda ta taya shi aikin."

Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "Ustazu, a ina ka karanta ta?"

Wallahi tambayar da na yi wa mai jar laima ce, ba ƙari ba ragi. Na lalubi ƙwaƙwalwata ban sami littafi ba. A waya na gan ta, wani ya turo, da hoton zane da ruwan yabo, na karɓa don ta yi mini daɗi. Matar ta ce, cikin ladabi, babu wani littafin Larabci na dā da ya ambaci wannan Faɗimatu, mafi daɗewar inda aka sami sunanta shi ne wani babban kundin ilmi na Sifaniyanci bugun 1924, bayan rasuwar Maslama da shekara fiye da ɗari tara. Ta ce in duba Ɗabaƙatul Umam na Sa'id Al'andalusi, wanda ya rasu a 1070, ya jera almajiran Maslama irin su Ibnus Samhi da Ibnus Saffar da Alkirmani, babu 'ya a ciki. Abin kunyar shi ne littafin nan yana cikin ɗakina, na kuma karanta shi.

Ya 'yan'uwa, shekara uku ina ba da labarin nan. Na faɗe shi a walimar saukar 'yan mata, na faɗe shi a rediyo, na kafa hujja da shi a kan iyayen da ke cire 'ya'yansu mata daga makaranta. Manufar mai kyau ce, har yanzu ina kanta. Amma malamanmu na hadisi sun daɗe da gargaɗi cewa mafi wuyar ganewa cikin masu ƙaga ruwaya su ne mutanen kirki masu ƙagawa don kwaɗaitar da alheri, domin ba wanda ke tuhumarsu. Saurayin jiya da na tambaye shi bai ɓoye ba, ya ce almara ce, kuma abinci yake nema. Ni da rawani a kaina na faɗi tawa, ba wanda ya tambaye ni isnadi, tukuicina kuwa shi ne kabbarar da jama'a ke yi in na kai ƙarshen labarin.

Da ta ga jikina ya yi sanyi sai ta ce mini ba a rasa mata masu ilmi a Andalus waɗanda sunansu ya tabbata ba. Ta ambaci Lubna, magatakardar Halifa Alhakam na Biyu wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, wadda Ibn Bashkuwal ya kawo ta a littafinsa Assila, ya siffanta ta da sanin nahawu da lissafi da kyawun rubutu. Ta kuma ba ni wani albishir. Littafin nan na sihiri da ɗalasimai, Gayatul Hakim, wanda aka daɗe ana jingina wa Maslama, har ni kaina nakan ji nauyin ambatonsa saboda shi, bincike ya nuna ba nasa ba ne, waɗansu masana ma sun jingina shi ga wani Maslama dabam, ɗan Ƙasim, mutumin Ƙurɗuba da ya rasu a 964. Watau awon da ya raba malamin da 'yar da ba tasa ba, shi ne ya wanke shi daga littafin da ba nasa ba.

Ran da zan tashi muka bi ta Ƙofar Rana sayen tsaraba, sai ga mai jar laima yana jiran mutanensa. Na je na cika masa biyar ɗin da na rage. Ya gane ni. Na ce masa ganuwar nan fa taku kaɗan ce daga inda yake tsayawa, me zai hana ya riƙa gangarawa da mutane? Ya ce ya san ta sarai, amma a lokacin an riga an gaji, kowa fada yake hange, in an gangara kuma sai an hau. Ya ce zai gwada ran da ya sami masu ƙarfin ƙafa.

Saboda haka ina sanar da duk wanda ya ji labarin Faɗimatu 'yar Maslama Almajriɗi daga bakina, a wa'azi ko a rediyo, cewa na janye shi, ba shi da asali. Wanda ya isar da shi ga wani, don Allah ya isar masa da wannan ma. Akwai wata makarantar Islamiyya ta 'yan mata a unguwarmu da ta sa wa ajinta na ƙarshe sunan Faɗimatu Almajriɗiyya bisa shawarata. Na je na yi wa shugabar bayani a gaban ɗalibai, aka kira mai fenti ya shafe allon ƙofar ajin ya rubuta Lubna, ni na biya kuɗin aikin.